Kunyar 'Yar Fari a Filin Zari-Ruga

Rago ne ya shigar da ni wasan zari-ruga. An sayo shi saboda walimar ɗaliban da za su fita, aka ɗaure shi a bayan kicin ɗin makarantar kwana ta 'yan mata inda nake aikin dafa abinci a Gusau, da wata igiya da ko zakara ba za ta riƙe ba. Ya tsinke ya yi cikin fili. Ɗalibai suka bi shi da ihu, masu gadi biyu suka tsaya suna buɗe hannuwa, yana wuce su ta ƙarƙashin hammata. Ni kuwa a cikin garke na tashi, a ƙauyenmu da ke gefen Nahuce, tun ban isa ɗaukar tulu ba nake kayar da maraƙi idan za a ɗura masa magani. Na ajiye muciya, na gyara ɗaurin zane, na tare shi ta gefe, na sunkuya na sa kafaɗa a cinyarsa na rungume ƙafafun baya. Muka zube tare. Da na ɗago sai ga malamar motsa jiki tsaye a kaina, tana dubana yadda mai saye yake duban saniya a kasuwa. Ko sannu ba ta yi mini ba. Tambayata ta yi ko ina da abin yi ranar Asabar da safe.

Malama 'yar kudu ce, aure ya kawo ta Gusau, kuma ta ji Hausa sarai. Kafin aurenta ta yi shekaru tana buga zari-ruga a wani kulob na mata zalla a can garinsu, kulob na ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu kamar yadda tuƙin tuwo yake tawa. Labarin kulob ɗin nan mun sha shi har mun haddace: yadda wasu 'yan kasuwa da ɗalibai suka fara shi a filin aro da ƙwallo guda, yadda suka riƙa ɗinka rigunansu da kansu, yadda mutane suka riƙa zuwa kallo don su yi dariya har suka koma zuwa don su yi tafi. Tana da hoto a wayarta, ita da abokan wasanta, leɓenta a fashe, tana dariya da dukan haƙoranta. Irin wannan take so ta dasa a Gusau, ta duba ta duba ba ta samu kowa ba sai mu.

Mu ɗin kuwa tarkace ne: tsofaffin ɗalibai, malamai biyu, wata mai ɗinki, wata ma'aikaciyar jinya, da ni mai kicin, ina neman shekara arba'in. A cikin katangar makaranta muke yi, a rufe ƙofa, namiji ko mai gadi ne sai ya koma waje. Dogon wando, riga mai dogon hannu, da ɗan hijabi mai roba wanda ba a sa masa fil. Maigidana direba ne a tasha, bas yake ja tsakanin Gusau da Tsafe. Da na nemi izininsa sai ya tambayi tsawon katangar, na gaya masa, ya ce to in je, amma in na karye kada in ce shi ya aike ni.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum goma sha uku ne a kowane ɓangare, ƙwallon kuma dogo ne kamar gwanda, a hannu ake gudu da shi. Abin nema shi ne a kai shi bayan layin abokan karawa a dangwala a ƙasa. Ba a jefa wa abokiyar wasa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe, in kuma ya suɓuce miki ya faɗi gaba, ya zama na waɗancan. Wadda aka kayar za ta tashi ta ajiye shi ta tura shi baya da ƙafa, wata ta ɗauka ta raba. In an kayar da ku sau shida ba ku kai ba, ku miƙa shi. Da damina muka fi yi, lokacin da ƙasa ta yi laushi, don faɗuwa a filin nan da rani daidai take da faɗuwa a kan daɓe.

Wahalar da Malama ta sha da mu ba ta gudu ba ce, ta tarbiyya ce. Watanninmu na farko, duk wadda ta kayar da 'yar'uwarta sai ta tsaya ta ɗaga ta, ta kaɗe mata riga, ta yi mata sannu, ta tambaye ta ko ta ji ciwo, ita ma waccan ta ce wallahi babu komai. Kafin a gama gaishe-gaishe an wuce mu da ƙwallo. Yaran kuma ba sa iya jefa wa babba abu, sai sun matso sun ɗan rusuna sun miƙa da hannu biyu. Malama ta busa usur har ta gaji. Wata rana ta zauna a ciyawa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin masu ladabi irinmu ba, kuma da wannan ladabin ko kaji muka kara da su sai sun ci mu. A hankali muka koyi ajiye sannu sai an tashi, a haɗa a yi ta gaba ɗaya. Abu ɗaya ne ya ƙi gyaruwa, shi kuma nawa ne.

Malama ta ba ni aikin rabo. Ni ce mai tsayawa a bayan wadda aka kayar, in ɗauki ƙwallo in zaɓi wadda zan ba, dama ko hagu. Ta ce wadda ta saba raba wa ɗalibai tuwo ta san wa ya samu, wa bai samu ba. Doka ɗaya ta kafa mini: in kira sunan wadda zan jefa wa kafin in jefa, da ƙarfi, don ta taho da gudunta ta tarar da ƙwallo a hanya. In na ce "ke", mutum goma sha biyu ne za su waiwayo.

A gefen hagu na fili, can kusa da layi, akwai yarinyar da ta fi kowa gudu a cikinmu. 'Yata ce ta fari.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana rabo shi ne na ƙarshe. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na tashi na gani. Ni kaina 'yar fari ce, kakata ta raine ni, kuma ban taɓa jin sunana a bakin Inna mahaifiyata ba. "Ke" ce ni, in ta matsu "waccan". Da na yaye tawa, Inna ta zo ta goya ta ta tafi da ita ƙauye. Ta tashi tana ɗaukar Inna uwa, ni kuma tana ce mini Adda, kamar yayarta. Dangi duk 'yar Inna suke ce mata, ni ma in dole ta kama ni haka nake cewa. Da ta isa shiga sakandare aka kawo ta makarantar da nake aiki. Shekara shida tana bin layin abinci a gabana. In ta iso sai in miƙa wa abokiyar aikina ludayi in shiga neman wani abu a bayan tukwane, in kuwa babu wadda zan miƙa wa, tsokar da ta fi ƙanƙanta ita ce tata. Ranar gasar tsere ta tagar kicin nake leƙenta, in ta zo ta ɗaya sai in kama tukunya in yi ta dirza don kada a ga fuskata. Ina son yarinyar nan har cikin ɓargona, kuma duk duniya ba wanda zai iya kawo shaida a kai.

To ga ta a fili, ta gama sakandare tana kwalejin horon malamai, tana zaune a gidanmu, ga ni da ƙwallo a hannu. Sau da yawa akan kayar da tamu kusa da layin hagu, ya zama ba kowa a ɗan lungun nan sai ita, gabanta fili fetal. Ina ganinta da wutsiyar ido. Sai in juya dama in kira sunan 'yar wani. Malama ta ɗauka hannuna ne bai iya jifa hagu ba, ta sa ni atisaye har kafaɗata ta yi tsami. Na iya sarai, kowa ta tsaya a hagu zan ba ta, ban da mutum ɗaya. Da ta gano, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko faɗa muka yi da yarinyar. Na ce wace yarinya. Sauran matan suka taru suka yi mata bayani, har suna goyon bayana. Mai ɗinki ta ce ranar da aka ji na kira sunan 'yar fari a bainar jama'a, ranar kunya ta ƙare a Zamfara. Malama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a garinsu uwa sunan ɗan fari take ɗauka ta mai da shi nata, da shi kowa zai riƙa kiranta har ta tsufa. Muka ce Allah ya kyauta.

Ita 'yar Inna ba ta taɓa ƙorafi ba. Da farko takan ɗaga hannu in ta ga fili a gabanta. Daga baya ta daina ɗagawa, sai ta tsaya kawai ta riƙe ƙugu. Ranar da na lura ta daina, tuwon da na tuƙa da yamma ya yi gudaji, abin da rabona da yi tun ina amarya.

A lokacin akwai wata ƙungiya irin tamu a Tsafe, wata tsohuwar ɗalibar Malama ce ta kafa ta, mukan kai musu ziyara su ma su kawo mana. Muna cikin damina ta uku sai Malama ta zo da labari. Wata tsohuwar abokiyar wasanta, ɗaya daga cikin na hoton nan, yanzu ita ke zagayawa tana nema wa kulob ɗinsu sababbin 'yan wasa, kuma za ta zo ta kalli wasanmu da matan Tsafe. Mai gudu take nema. Wadda aka ɗauka za ta ci gaba da karatunta a can, ta zauna a gidan yayar Malama. 'Yar Inna ba ta ce mini komai ba, ubanta ta gaya wa, shi ya gaya mini, ya ce ya amince in an ɗauke ta. Amma na ga an wanke takalma sau uku a mako guda, na ga tana idar da sallar asuba take tafiya makaranta ta zagaye fili. Wasa ɗaya tak baƙuwar za ta gani, kuma ba a ɗaukar mutum don ya iya tsayuwa a bakin layi.

Malama ta same ni a kicin, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ko dai in ba yarinyar ƙwallo, ko in zauna a benci ranar ta sa wata a rabo. Raina ya ɓaci. Wadda za ta sa ɗin na san ta, rabin jifanta a ƙasa yake ƙarewa, in an bar mata rabo ba 'yar Inna kaɗai ba, kowa ma sai ya kwana da yunwa. Na ce ni zan buga. Ta ce da kiran suna? Na ce ta ba ni wuri, miya na ƙonewa.

Kwana huɗu ina gwaji. In an tayar da injin markaɗe, ko abokan aiki sun kama daka, sai in duƙa a kan tukunya kamar mai duba ruwa, in ce bari in faɗi sunan a cikin tururi. Farkonsa ya fito, saura ya maƙale. Suna ne gajere, kullum ina jin sa a bakin kowa, yaran maƙwabta ma da ba su gama iya magana ba suna faɗinsa, amma ni ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Abokiyar aikina ta ga ina ta yi wa tukunya raɗa, ta tambaye ni ko addu'a nake yi wa wake. Na ce eh.

Ranar Juma'a da yamma sai ga Inna daga Nahuce, ba wanda ya aika mata, da ƙwaryar fura a naɗe cikin zane. Ta ce ta ji 'yarta za ta yi tsere a gaban baƙi, ta zo ta gani da idonta. Abin da na kasa yi a gaban tukunya, yanzu a gaban Inna ake so in yi shi.

Da hantsi muka kama hanya a bas ɗin maigidana, don mu dawo kafin la'asar kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu. Gero da dawa sun rufe gefen titi, ciyawa ta hau dutsen Kwatarkwashi, 'yan mata na waƙa suna buga jikin mota. Inna ta zauna kusa da 'yarta ta riƙe mata hannu. Ni ina can kujerar baya da buhun ƙwallaye, ban yi waƙa ba. A Tsafe ma makarantar 'yan mata ce mai katanga, maigidana ya sauke mu ya koma gindin bishiya wajen mai shayi. Mata sun cika bakin fili, wasu tun daga Bilbis da 'Yankuzo, da goyo da tabarmi. Baƙuwar doguwa ce, ta zauna a kujera kusa da Malama da ɗan littafi a cinya. Inna ta tambayi inda 'yarta za ta tsaya, ta je ta shimfiɗa tabarmarta daidai wurin.

Ba a daɗe da farawa ba na gane abin da matan Tsafe suka shirya. Su ma 'yan gida ne, sun san wace ce 'yar fari a cikinmu, sun san wace ce uwarta. Wadda ya kamata ta tsare 'yar Inna sai ta bar ta ta koma tsakiya, suka zama sun fi mu da mutum ɗaya a duk inda na jefa. Sau biyu aka kayar da tamu kusa da layin hagu, sau biyu na ɗauki ƙwallo na buɗe baki, sau biyu na juya dama. Suka dangwala mana biyu kafin hutu, mu ko ɗaya. Na saci kallon baƙuwa. Tana rubutu, amma ko sau ɗaya ba ta dubi gefen hagu ba, don babu abin gani a can.

Da hutu Malama ruwa kawai ta miƙo mini. 'Yar Inna ta zauna nesa tana kwance igiyar takalmi tana sake ɗaurewa. Inna ta ji an ce za a juya fili, ta naɗe tabarma ta zagaya ɗaya gefen. Da za mu koma, wata ƙatuwa a cikin matan Tsafe, mai sayar da ƙuli-ƙuli ce a Bilbis, mun sha kayar da juna muna shiri, ta dafa kafaɗata tana murmushi.

"Hajiya, mun bar maki ɗiyarki can ta sha iska," in ji ta. "Mu dai mun san ba ki ba ta."

Da wasa ta faɗa, kuma gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi mini zafi. Wato kunyata ce ta zama musu 'yar wasa ta goma sha huɗu. Ni ina da zuciya, ba na ɓoyewa, masu kawo mana itace jiƙaƙƙe sun shaida. A yi mini dariya ba komai ba ne, amma a ce da ni aka shirya yadda za a hana yarinyar nan abin da take so, wannan na kasa haɗiyewa. Na ce mata to, Allah ya kai mu.

An kayar da mu sau huɗu, ma'aikaciyar jinya ta kutsa aka kayar da ita na biyar, taku kaɗan daga layin hagu. Ta tashi ta turo ƙwallo da ƙafa. Na duƙa na ɗauka. Inna na nan a kan tabarma, kusa har ina jin ƙamshin man shanun kitsonta. Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya shi ke nan. Na kira sunan. Da muryar da nake kiran ɗalibai cin abinci ya fito, har dutsen bayan makaranta ya maido mini da shi. Na jefa, jifa mai kyau, daidai ƙirji.

Yarinyar nan ba ta taho ba. Tsayawa ta yi cak, hannuwa a sake, tana neman wanda ya kira ta. Ta dubi Malama, ta dubi Inna, sannan ta dube ni. Ƙwallo ya bugi ƙirjinta ya faɗi gaba ya shiga tsalle-tsallensa. Alƙaliya ta busa usur. Sai wata tsohuwa a bakin layi ta yi salati ta ce wallahi ta faɗa, dariya kuwa ta ɓarke ko'ina, har da matan Tsafe. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ni ji na yi kamar zanena ya kwance a tsakiyar kasuwa.

'Yar Inna ta tako har inda nake, idanunta sun ciko.

"Adda, ke kinka kira ni?"

"Wa kinka gani da ƙwallo in ba ni ba?" na ce mata. "In na sake kira ki taho da gudu. Kar ki ƙara kunyata ni, na riga na kunyata kaina."

Ta ce to, tana dariya tana share ido da hannun riga.

Matan Tsafe suka rabu biyu. Ina jin su, wasu na cewa suɓutar baki ce ba zan ƙara ba, wasu na cewa wadda ta yi sau ɗaya ai ta riga ta lalace. Suka mai da mai tsaron 'yar Inna wurinta, amma rabi da rabi take tsaye, ƙafa ɗaya can ɗaya nan. Ba a jima ba muka sake samun kanmu a gefen hagu, nesa da layinsu sosai. A karo na biyu sunan bai ba ni wahala ba, ya fito kamar kullum ina faɗa. Ta taho a guje ta cafe, ta yi kamar za ta shiga ciki ta goce waje, mai tsaronta ta rungumi iska. Mai ƙuli-ƙuli ta bi ta taku kaɗan ta haƙura ta riƙe ƙugu. A dokar Malama ya kamata in bi bayanta ko za ta buƙaci wadda za ta jefa wa. Ban bi ba. Tsayawa na yi a tsakiyar fili ina kallon 'yata tana gudu, ba taga, ba tukunya, kowa na ganina ina kallonta. Ta kai ta dangwala. Inna ta miƙe a kan tabarma ta rangaɗa guɗa. Ni ban yi guɗa ba, rashin kunyata bai kai can ba, amma haƙorana duk a waje suke.

'Yar Inna ta ƙara ɗaya kafin a tashi. Duk da haka matan Tsafe su ma sun ƙara nasu, su ne suka ci wasan, kuma ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Aka taru aka yi sannun da aka tara, aka sha furar Inna da ludayi ɗaya yana zagayawa. Baƙuwa ta tambayi Malama da Turanci yadda aka yi mai hannu irin wannan ta yar da ƙwallon farko. Malama ta yi mata dogon bayani tana nuna ni, ni kuma ina ta gyara buhun da ba abin da ya same shi. Baƙuwa ta rufe littafinta, ta zo ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce za ta ɗauki yarinyar. In kuma Malama ta fassara daidai, ta ce da shekaruna ba su ja ba da ta haɗa da ni. Na ce a gaya mata tukwanena ba su da mai tsaro.

A mota ina ta jiran faɗan Inna. Muka bar Tsafe, gonaki suka yi ta wucewa. Sai da muka zo daidai Kwatarkwashi ta yi magana, ba ta ko waiwayo ba.

"Ashe kin san sunan."

Mota ta kwashe da dariya, har da maigidana da bai san abin da ya faru ba. Da aka ba shi labari ya kalle ni ta madubi, ya ce shi tun farko tsawon katanga ya tambaya, bai san murya na tsallake ta ba. Na sunkuyar da kai na bar su suka yi ta yi. Mako guda a kicin ba ni da sakat, duk wadda ta shigo sai ta ce in ɗan maimaita ta ji.

Bayan an yi girbi 'yar Inna ta tafi. Yanzu tana can tana bugawa, takan aiko mana da hoto, akwai wanda leɓenta yake a fashe tana dariya da dukan haƙoranta, Malama ta ajiye shi kusa da nata. Duk Juma'a take kirana, kuma ta tsiro da wani shaƙiyanci: in na ɗauki waya na ce "ke ce?" sai ta yi shiru, ba za ta tanka ba sai na faɗi sunan. In da mutane sai in shiga ɗaki in turo ƙofa. Rabon ƙwallo kuwa har yanzu ni ke yi, duk da gwiwa ta fara kawo ƙara.

Bara da kaka na je Nahuce hutu. Ranar Juma'a da hantsi muna zaune a tsakar gida, ina tsince wake, Inna ta zuba nono a ƙwarya za ta dama fura. Sai ga waya. Na ce "ke ce?", aka yi mini shirun da aka saba. Ɗaki na da nisa, wake na cinyata, sai na faɗi sunan a gaban Inna, na miƙa mata wayar suka gaisa. Bayan an gama Inna ta daɗe tana kallon cikin ƙwarya. Ta yi gyaran murya sau biyu. Sai na ji sunana. A hankali ya fito, can ƙasa, ba ta dube ni ba, ta haɗa da cewa in miƙo mata ludayi. Na waiwaya in ga ko wata ce ta shigo. Ba kowa sai kaji. Ludayin na nan kusa da ƙafata, na ɗauka, kafin ya isa wurinta ya suɓuce ya faɗi a ƙasa tsakaninmu.

Inna ta dubi ludayi, ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Ashe abin gado na," in ji ta. "Ɗauko ki wanke, hura na jira."